Takardar da Baba ya zo da ita daga Paris: mene ne darajarta, yaya za a adana ta a Maradi?

"Assalamu alaikum Malam, da fatan kuna lafiya, ya iyali? Ni malamar makaranta ce a unguwar Zariya, nan Maradi. Bara Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe, sai muka tarar da wata babbar takarda a naɗe, mai zanen launuka, an rubuta Henri Matisse, Grand Palais, 1970 a jikinta. Innarmu ta ce ya zo da ita ne lokacin da aka tura shi Faransa ƙarin ilimi, kuma ta daɗe a bangon falo kafin ya cire ta. Gefenta ya ɗan yage, akwai tsohon salatif a kusurwa biyu, da wasu ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa. Akwai sa hannun mai zanen a ƙasa. Wani ya taya jika 30, wato sefa dubu 30, wani kuma ya ce miliyoyi ce, kada mu sayar. Ƙanena yana so ya kai a liƙe ta cikin leda kamar katin ɗan ƙasa don kada ta lalace. Malam, ku ba mu shawara: mene ne darajarta, kuma yaya za mu yi da ita?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa. A gaishe da Inna.

Tambayarki biyu ce a haɗe, ta kuɗi da ta adanawa, kuma ta biyun ta fi gaggawa. Saboda haka tun kafin mu shiga bayani, ki kira ƙanenki yau ɗin nan ki ce masa ya dakata. Niyyarsa mai kyau ce, amma injin da ke liƙe takarda cikin leda yana narkar da gam ne da zafi ya tura shi cikin naman takardar, kuma abin da ya shiga haka ba ya fita. Duk wata illa da kika lissafa, yagewa da salatif da ɗigo-ɗigo, gwani yana iya rage ta ko ya kawar da ita. Leda kuwa ba ta da magani. Wani dattijo da ya yi karatu a Senegal ya taɓa kawo mini fastar baje kolin shahararren mai zane Picasso da aka yi a gidan baje koli na Musée Dynamique a Dakar a 1972, zamanin Shugaba Senghor. Shekara da shekaru tana hannunsa lafiya lau, sai jikansa ya kai ta wani shago aka sa mata leda. Da ta iso gare ni gefen ledar ya fara ɗagowa, yana tafiya da launin. Na juya ta, na sake juyawa, na mayar masa da abarsa, don babu abin da hannuna zai iya yi mata. Har yau abin yana damuna.

Wace irin takarda ce wannan?

Abin da ke hannunku fasta ce, ko afish kamar yadda muke cewa a nan, wato takardar sanarwar baje koli. Ba ita ce zanen da Matisse ya yi da hannunsa ba. Shi zanen asali, na fenti a kan ƙyalle, yana can wani gidan adana zane-zane ko a hannun wani attajiri. Gidan baje kolin ne ya zaɓi ɗaya daga cikin zane-zanensa, aka buga shi da yawa tare da suna da wuri da kwanan wata, aka manna wasu a gari, aka sayar da wasu ga masu zuwa kallo.

An haifi Henri Matisse a arewacin Faransa a ranar ƙarshe ta 1869, ya rasu a birnin Nice a 1954. Yana cikin manyan waɗanda suka sauya salon zanen Turai a farkon ƙarni na 20. A baje kolin kaka na Paris na 1905, shi da abokansa suka fito da zane-zane masu launuka tsantsa, ja jawur kusa da kore shar, ba ruwansu da kwaikwayon abu yadda ido ke ganinsa, har aka laƙaba musu suna namun daji. Ya je Biskra a Aljeriya a 1906, ya ga babban baje kolin kayan fasahar Musulunci a Munich a 1910, ya zauna Tanja a Maroko a 1912 da 1913. Duk wanda ya saba ganin zayyanar Alƙur'ani ko aikin wuyan babbar riga, idan ya dubi zanensa da kyau zai gane daga ina wani ɓangaren hankalinsa ya sha ruwa. Baje kolin da aka rubuta a takardarku kuwa sananne ne: an yi shi a Grand Palais, wani babban gidan baje koli a Paris, daga Afrilu zuwa Satumba 1970 don cikarsa shekara 100 da haihuwa. Labarin Inna ya yi daidai da wannan, kuma dacewar labari da kwanan wata abu ne mai amfani, zan dawo kansa.

Daga nan za ki ga amsar maganar sa hannu. Mutumin da ya rasu a 1954 ba zai sa hannu a takardar 1970 ba. Abin da kika gani sa hannun da ke jikin zanen asali ne, aka buga shi tare da sauran hoton. Idan kina son tabbatarwa, ki karkata takardar zuwa hasken taga: rubutun fensir yana ɗan sheƙi, yana kuma barin ɗan kwarmi a takarda, shi kuwa bugaggen sa hannu shafe yake daidai da launin da ke kewaye da shi. Mai yiwuwa wannan sa hannun ne ya sa wancan mutumin ya ambaci miliyoyi.

Inda kuɗin yake: yadda aka buga ta

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin fastoci biyu suna iya ɗaukar hoto ɗaya da rubutu ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗaya sau goma ko fiye.

Hanya ta farko ita ce bugun dutse. Wani Bajamushe, Alois Senefelder, shi ya gano ta a 1796. Ana samun shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa, mafi shahara shi ne na Solnhofen a kudancin Jamus, a goge shi sumul, a yi zane a kansa da alli mai maiƙo. Sai a shafe dutsen da ruwan ƙaro da ɗan asid. Ƙaron nan namu ne na Sahel, na dakwara, wanda malamai ke sa wa tawada. Inda babu zane, ƙaron yana sa dutsen ya riƙe ruwa. Inda akwai zane, maiƙo yana korar ruwa ya karɓi tawadar bugu. Ruwa da mai ba sa haɗuwa, sirrin ke nan gaba ɗaya. Kowane launi da nasa dutsen, ko farantin ƙarfen da daga baya ya maye gurbinsa, kuma takarda ɗaya sai ta bi ta inji sau takwas, sau goma, wani lokaci fiye. Maɗaba'ar da ta fi suna a wannan aiki a Paris ita ce ta Fernand Mourlot. A shekarun 1930 ta fara buga wa gidajen tarihin gwamnatin Faransa fastocinsu. Picasso ya fara zuwa can yana aiki da kansa a ƙarshen 1945, kuma a can an yi ƙwararrun ma'aikata irin su Henri Deschamps da Charles Sorlier, waɗanda aikinsu shi ne su kalli zanen fenti su sake gina shi launi bayan launi a kan dutse. Aikin hannu ne na makonni, shi ya sa masu tarawa ke nemansa.

Hanya ta biyu ita ce bugun ofset, irin na kalanda da mujallu da fastocin ƴan takara. Ana ɗaukar hoton zanen, a raba shi launi huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Dukan sauran launukan da ido ke gani yaudara ce ta ƙananan ɗigo da aka jera kusa da juna. A 1970 ana amfani da hanyoyin biyu, saboda haka shekara kaɗai ba za ta gaya miki komai ba.

Gani ya kori ji. Ki ari madubin ƙara girma daga mai gyaran agogo ko mai gyaran waya a babbar kasuwa, wanda ke ninkawa sau goma ya isa. In bai samu ba, kyamarar waya mai kyau ma tana yi idan kika matso kika ƙara girman hoton. Ki dubi wurin da launi yake tsaka-tsaki, ba mai duhu sosai ba. Idan kika ga ɗigo-ɗigo a jere cikin tsari, suna haɗuwa kamar ƙananan furanni ko idon raga, ofset ne. Idan kika ga launi shimfiɗe kamar an shafa, ko da ɗan tsakuwa-tsakuwa marar tsari irin na alli a kan bango, kuma a bakin launuka biyu ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya, to alamar bugun dutse ke nan. Launin bugun dutse yana da kauri da nauyi a ido, yawanci ba ya ƙyalli. Akwai kuma na uku da ya yi yawa yanzu: bugun injin kwamfuta mai fesa tawada, wanda ɗigonsa ƙanana ne ƙwarai, a warwatse kamar an watsa gero. Tun Janairun 2025, bayan Matisse ya cika shekara 70 da rasuwa, haƙƙin mallakar zane-zanensa ya faɗi a ƙasashe da dama, kowa na bugawa yana sayarwa a intanet, wasu har da ƙirƙirarren sunan baje koli. Taku da ta fito daga akwatin Baba ba ta cikin wannan zargi, amma na faɗa ne saboda idan kika shiga neman irinta za ki ci karo da su da yawa, kada farashinsu ya ruɗe ki.

Bayan madubi, sai ƙananan rubutun da ke can bakin takardar, a ƙasa ko a tsaye a gefe. Nan maɗaba'a ke sa sunanta. Idan kika ga Mourlot, albishir ne, ko da yake sai madubin ya gaskata shi, don ana ɗaukar hoton tsohuwar fasta da sunan maɗaba'ar duka a sake bugawa da ofset. Ki duba kuma ko akwai alamar haƙƙin mallaka da wata shekara ta daban. Fastar da aka rubuta 1970 da manyan baƙaƙe amma ƙaramin rubutu ya ce 1989, sake bugu ce. Haka in akwai lambar unguwa ta gidan waya mai alƙaluma biyar irin 75008, domin sai a 1972 Faransa ta fara amfani da wannan tsari. Layukan nan baƙaƙe da ake haskawa a kanti, ko adireshin intanet, ko farashi da yuro, duk shaidar baya-bayan nan ne. Ki auna tsawo da faɗi da tef ɗin tela, ki rubuta da santimita. Fastoci suna da sanannen awo, kuma idan taku ta gaza irinta da santimita biyu ko uku, wani ya taɓa datse gefenta don ta shiga firam, wannan kuwa yana rage daraja sosai.

To, nawa ke nan?

Ba zan yanke miki farashi ba alhali ban riƙe takardar a hannuna ba. Ni mai gyara da adana takardu ne, tsofaffin littattafan malamai da hotuna da takardun ofis, ba dillalin gwanjon Paris ba. Amma ina bin kasuwar, kuma zan gaya miki yadda take a dunƙule. Sake bugu ba shi da kuɗi sai na ado. Fastar ofset ta ainihin shekarar baje kolin, mai lafiya, yawanci gomomin yuro ce, wata ta haura ɗari. Ta bugun dutse daga sananniyar maɗaba'a, mai lafiya, ɗaruruwan yuro ce, wasu ƙalilan su wuce dubu. Miliyoyin sefa masu yawa sai ga wadda mai zanen ya tsara da kansa yana raye, aka buga kaɗan, ya sa hannu da fensir, kuma mun riga mun ga taku ba ta cikin waɗannan. Yuro ɗaya sefa 656 ne in an cike, ke nan yuro 100 jika 65 ne da sefa ɗari shida, jika 30 ɗin da aka taya kuma wajen yuro 45.

Sannan a cire na lahani. Masu wannan sana'a suna ba fasta daraja A ko B ko C gwargwadon lafiyarta, kuma tsakanin A da C farashi yana iya faɗuwa ƙasa da rabi. Yagewar gefe da ba ta shiga cikin hoto ba ƙaramin abu ce. Tabon salatif ya fi ta. Wanda ya fi duka shi ne dishewar launi, tunda kin ce ta daɗe a bango. A bugun ofset rawaya da ja ne ke fara gudu, shuɗi ya saura, shi ya sa tsofaffin kalandun shaguna duk suke komawa shuɗi-shuɗi. Ki nemi hoton irinta a intanet ki gwada. Launin da rana ta sha ba ya dawowa, a Matisse kuwa launi shi ne dukan maganar.

Ga yadda nake ganin tayin da aka yi muku. Idan ofset ce da ta dishe, jika 30 ba zalunci ba ne, har ma ya yi kyau. Idan bugun dutse ce mai sauran launi, ya yi kaɗan ƙwarai. Saboda haka kada ku amsa, kada kuma ku kore shi, sai an duba. Idan kina bincike, ki nemi kuɗin da aka sayar da irinta a gwanjo, irin na Drouot a Paris ko Swann a New York, ba kuɗin da mai kanti ya rubuta yana jiran mai saye ba. Taya daban, sallamawa daban, wannan ko a kasuwar Maradi kin san shi. Ki tuna kuma masu sayen irin wannan kaya suna Turai da Amurka ne. Kafin kuɗi su iso hannunku za a cire na aikawa, da la'adar gidan gwanjo, wataƙila da na gyara. Fastar yuro 80 ba ta biyan wannan wahala. Duk wanda kuma ya ce ku fara tura masa kuɗi don ya samo muku takardar shaida ko mai saye, ku rufe waya.

Abu biyu da suka shafi gida. Na farko, takardar nan tana cikin abin da Baba ya bari, ko da kuɗinta kaɗan ne, saboda haka magada duka su sani kafin a sayar ko a bar wa wani. Na biyu, ku sake bincika akwatin. Tsohon fasfo mai hatimin 1970, tikitin shiga, littafin baje kolin, wasiƙa, hoton Baba a Paris, ko hoton falo da fastar ke bango, duk ku haɗa su wuri ɗaya. Ki zauna da Inna ta ba ki labarin tafiyar, ki rubuta a wata takarda daban, ba a bayan fastar ba. Mai saye yana ƙara natsuwa idan ya ga asali. Ni kuma a ganina, fastar da wani ɗan Nijar ya shiga Grand Palais ya saya shekara goma bayan samun ƴancin kai, ya ɗauko ta har Maradi ya kafa a bangonsa, tana faɗin abin da dubban irinta da ke Paris ba sa faɗi. Da ni ne, in dai ba wata matsananciyar buƙata ba, ba zan sayar ba.

Maradi da takarda

Gidajen adana zane suna riƙe ɗakunansu a zafin da bai wuce digiri 20 da ɗoriya ba, da danshin iska kusan kashi 50 cikin 100, dare da rana, shekara duka. Mu kuwa a bazara muna haura digiri 40, a hunturu iska ta bushe ƙayau har leɓe ya tsage, a markar Agusta kuma gishiri ya jiƙe a kwano. Takarda tana numfashi: ta sha laima ta kumbura, ta bushe ta tsuke, kowace shekara. Wannan kai-da-komo shi ke sa ta lanƙwasa, ta yi rauni a inda aka naɗe. Ɗigo-ɗigon nan masu ruwan ƙasa da kika gani aikin damina ne, laima ce ta tada fumfuna ko ta sa ƙananan ɓurɓushin ƙarfe da ke cikin takardar suka yi tsatsa. Idan danshi ya wuce kashi 65 zuwa 70 ya daɗe, fumfuna ta samu gida. Ba za mu iya mayar da Maradi Paris ba, kuma ban ba ki shawarar dogara da na'urar sanyaya ɗaki ba, don kashewa da kunnawa duk lokacin da wuta ta ɗauke ya fi zafin da ke tsaye wuri ɗaya illa. Abin da za mu iya shi ne mu rage mata saurin sauyin, mu tsare ta daga haske da ƙwari.

Kakanninmu sun san wannan. Littafin malami yana cikin bango mai tauri, bangon cikin gafaka, gafakar a rataye ko cikin adaka, nesa da ƙasa, kuma lokaci-lokaci a fito da shi a kaɗe. Rufi a kan rufi, da yawan dubawa. Da haka rubuce-rubucen da suka haura shekara ɗari suka iso gare mu, kuma dabarar da za ki bi ke nan.

Fara da warware ta, a hankali. Takardar da ta shekara da yawa a naɗe ta saba da naɗin, idan kika tilasta mata a tsakiyar hunturu tana iya tsagewa kamar busasshen ganye. Ki zaɓi safiya mai ɗan sanyi da laushin iska, ki wanke hannu da sabulu ki busar, ba mai ba turare, ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan tebur, mutum biyu su buɗe ta kaɗan-kaɗan. Idan ta yi gardama ku bar ta rabi a buɗe ta kwana. Bayan ta kwanta, ki rufe ta da farar takarda marar rubutu, ki ɗora shimfiɗaɗɗen abu, ki jera littattafai a kai, ki manta da ita mako biyu ko uku. Dutsen guga kada ya kusance ta. Ƙura kuma da burushi mai laushi sosai ake kaɗe ta, daga tsakiya zuwa gefe, ba da jiƙaƙƙen tsumma ba.

Salatif ɗin ki ƙyale shi. In ledarsa ta bushe ta faɗo da kanta, to. In tana riƙe, kada ki ja, za ta tafi da fuskar takardar. Tabon rawayan da gam ɗinsa ya bari sai da sinadarai ake rage shi, kuma wannan, da wanke ɗigo-ɗigo, da manna fasta a kan ƙyalle da sitacin alkama kamar yadda ake yi wa masu tsada a Turai, aikin ɗakin gyara ne mai kayan aiki. Ni kaina ba na yin sa a gida. Yagewar ma kada ki liƙe ta da komai, ba gam ba, ba ƙullun fulawa ba, wanda shi ma kiran kyankyaso ne. Garin gyaran gira ake rasa ido. Yagewar da ke kwance cikin rufi ba ta ƙaruwa.

Wurin kwanciyarta: a shimfiɗe ya fi. Ki samu faffaɗan kwali biyu masu tauri da suka fi ta girma, amma kada kwalin ya taɓa ta kai tsaye, domin kwalin kaya da takardar jarida suna da tsami da ke ƙona takarda sannu a hankali har ta yi ja. Ki sa farar takardar zane mai kauri sama da ƙasa, wadda aka rubuta ba ta da asid in an samu a Yamai ko Kano, in ba a samu ba ki riƙa sauya ta duk shekara. Sai ki naɗe duka cikin farin alawayyo da aka wanke sitacinsa ya fita, ki ɗora a saman kabad a ɗakin da ke tsakiyar gida, ba mai bangon yamma da rana ke gasawa ba, ba kusa da madafa ko banɗaki ba, ba kuma ƙarƙashin inda rufi ke yoyo ba. In babu wurin shimfiɗawa dole sai naɗi, to a naɗe ta a bayan faffaɗan bututun kwali, irin wanda ake naɗo ledar tsakar ɗaki a kai, bayan an lulluɓe shi da farar takarda, ba a cusa ta cikin siririn bututu ba. Kada a ɗaure da roba. Kada kuma a rufe ta ruf cikin leda da damina, laimar da ta shiga ba ta da hanyar fita.

Sai gara. A nan ita ce babbar abokiyar gaba, ta fi rana sauri. Farkon fara aikina na jingina wani tsohon hoto mai firam da bangon ƙasa, na yi tafiya damina ɗaya, na dawo na tarar gilashi da katako suna nan, ta baya kuwa an cinye rabin hoton. Tun daga ranar ba na barin takarda ta taɓa bango ko ƙasa. Ki duba ta aƙalla sau uku a shekara: kafin saukar damina, tsakiyar Agusta, da bayan ɗaukewar ruwa. Ki nemi hanyar gara a bango, da kashin kyankyaso, da ɗan ƙwaron nan mai launin azurfa da ke kankare fuskar takarda. Maganin fesawa a fesa a ɗakin, ba a kanta ba. Kafur ko busasshen ganyen dogon yaro, in za a sa, a ƙulle a ƙyalle a ajiye gefe, don suna barin tabo idan sun taɓa ta.

Idan kuna son ganinta a bango

Na san zuciya za ta so haka, tunda nan Baba ya sa ta. Amma ki san cewa a gidajen adana zane hasken da ake bari ya sauka a kan takarda ma'auni 50 ne kacal na abin da ake kira luks, suna nuna ta wata uku su mayar da ita duhu ta huta, alhali ranar tsakar gidanmu tana kai dubu ɗari. Illar haske taruwa take yi, ta yau a kan ta jiya. Shawarata ita ce a sa mai hoto ya ɗauke ta da kyamara mai kyau tana shimfiɗe, a buga kwafi, kowane ɗa ya samu nasa ya rataya, ta asalin ta zauna a rufe. Kada dai a bari a zura ta cikin injin da ke jan takarda.

In kuwa kun dage sai ta asalin, to a gaya wa mai firam abu uku, kuma ki tsaya a kansa yana yi. Kada ya datse gefenta, firam ake yi daidai da takarda. Kada ya shafa gam ya manna ta a katako, a riƙe ta da ƴan aljifan takarda a kusurwoyi. Kada kuma ta taɓa gilashi, a sa kewayen kwali mai kyau a tsakani, domin da damina raɓa tana taruwa a cikin gilashi, launi ya manne masa. Bayan firam ɗin a toshe shi saboda ƙurar hunturu, a sa ɗan abu a kusurwoyinsa na baya don iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango. A rataya a bangon da rana ba ta kaiwa ko da minti goma, nesa da kaskon turaren wuta, kuma ƙwan LED ya fi dogon ƙwai sauƙi a kanta.

Yanzu abin da nake so daga gare ki hotuna ne, a hasken inuwa ba tare da walƙiyar kyamara ba: gabanta duka, bayanta duka, ƙaramin rubutun bakin takardar yadda zai karantu, da wuri ɗaya mai launi an matso sosai. Ki haɗa da awon tsawo da faɗi. Da su zan iya gaya miki ko bugun dutse ce ko ofset, daga nan mu san ko ta cancanci a rubuta wa gidan gwanjo. Kafin nan ta zauna a rufe, saman kabad.